Babi na Biyar: Sunayen da Ke Sarƙe Harshe

A shekarar 1550 aka buga wani littafi a birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda Turawa suka yi ƙarnoni suna dogara da shi wajen sanin Afirka. Mai littafin, Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, an haife shi a Garnaɗa ta Andalus, ya tashi a Fas, ya yi yawon duniya, har 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Fafaroma a birnin Rum. A can ya rubuta littafin da Italiyanci, aka kuma juya shi zuwa Ingilishi a 1600. Cikin ƙasashen baƙar fata da ya lissafa akwai Cano, da Casena, da Guber, da Zanfara, da wata ƙasa da ya kira Zegzeg.

Duk ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ya nutsa cikin tarihin ƙasar Hausa sai ya ci karo da wannan jeri. Idan aka ce ya miƙe ya karanta wa aji, zai wuce Cano lami lafiya, ya ɗan yi jim a kan Casena, ya zo Zegzeg ya tsaya cak. Wani ya ce "Zejzej", wani ya haɗiye rabin sunan ya yi gaba. Alhali ƙasar da ake nufi ita ce wadda aka gina ajin a kanta. Larabawa da malamanmu na dā suna rubuta Zazzau da haruffa huɗu: zaira, kaf lasan, zaira, kaf lasan. Larabci ba shi da "g", sai a ara masa kaf. Wanda ya san gari ya karanta Zagzag, wanda bai sani ba ya ce Zakzak, aka kai Turai ya koma Zegzeg. Wannan "g" kuwa ba ta je ko'ina ba, tana nan a bakinmu duk lokacin da muka ce Bazazzagi, ko Zazzagawa, ko Zage-zagi. Dattijuwar da ke sayar da daddawa a kasuwar Sabon Gari tana faɗinta kullum, ba ta kuwa taɓa jin labarin Alwazzan ba.

Sunan da ka tarar a tsohon littafi bafatake ne. Ya baro gida da nisa, ya kwana zango-zango, kowane zango ya bar masa ƙurarsa. Kafin ka tambayi yadda ake faɗinsa, fara tambayar ta wace hanya ya biyo ya iso wannan shafi: wa ya ji shi, da wane kunne, ya kuma rubuta shi da waɗanne haruffa. Mafi yawan tuntuɓen da muke yi idan muna karatu a bainar jama'a daga barin wannan tambaya yake tasowa.

Suna ba shi da gatan da sauran kalmomi ke da shi. Idan gara ta cinye rabin kalma a takarda, abin da ke gabanta da abin da ke bayanta za su nuna maka ita, nahawu ma ya taimaka. Suna kuwa shi kaɗai yake tsaye, ba ka iya fito da shi ta hanyar hankali ko ƙiyasi. Malaman hadisi sun gane haka tun da wuri, domin aikinsu kacokan ya rataya ne a kan sunayen maruwaita, ga shi rubutun Larabci baƙi ne zalla, sau da yawa ba wasali, wani lokaci ɗigo ma babu. Haruffa guda su ba ka Salam, su kuma ba ka Sallam. Su ba ka Umara, su ba ka Imara. Ɗigo ɗaya ya raba Hibban da Hayyan. Ka kuskure, ka ɗauki maganar amintacce ka sa a bakin wanda ba a yarda da ruwayarsa ba. Don haka suka mai da abin fanni sukutum. Daraƙuɗni, wanda ya rasu a 995, ya wallafa littafi a kan sunayen da rubutunsu ɗaya lafazinsu daban, Ibn Makula ya faɗaɗa, Zahabi da Ibn Hajar suka biyo sawu. Yaƙutu Alhamawi mai ƙamusun garuruwa, da Ibn Khallikan mai tarihin mashahuran mutane, wanda ya rasu a 1282, ba su ma amince da wasalin da ake ɗora wa harafi ba, don sun san mai kwafa zai iya zubar da shi a hanya. Sai su rubuta bayanin da kalmomi: harafin farko da wasali bisa, na biyu da ɗauri, na uku mai ɗigo biyu a sama. Aiki ne mai cin takarda a zamanin da takarda ke da tsada, suka kuma yi shi. Duk da haka akwai sunayen da har gobe ake ja a kansu, kamar Gazali da Gazzali, ko Musayyib da Musayyab.

Wannan gado ya iso Zazzau da daɗewa. Yana nan a zaurukan Unguwar Juma da Kona cikin birni, yana nan a makarantun ilimi na Samaru da Hayin Dogo. Dokar zaure ita ce daga bakin malam ake ɗaukar littafi. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara. Idan ɗalibi ya zo kan suna harshensa ya sarƙe, malam ba ya dogon bayani, sai ya faɗi sunan sau ɗaya, ɗalibi ya maimaita, a ci gaba. Wani lokaci ɗalibi ya ce, "Allah gafarta Malam, a nawa littafin wasali ƙasa aka sa." Malam ya ce, "To, mu haka muka ji daga malamanmu." Akwai matasan da ke ɗaukar wannan amsa a matsayin gudun hujja. Ni a ganina, a sha'anin suna dai, babu hujjar da ta fi ta ƙarfi. Mai buga littafi a Bairut ko Alƙahira yana iya ɗora wasalin da ya ga dama, amma kunnen da ya ji daga kunnen da ya ji ya fi shi kusa da mai sunan.

Baƙin sunaye kuma sun daɗe da zama 'yan gida a zaure. A farkon Sahihul Bukhari akwai doguwar hirar Abu Sufyan da Hiraƙla, sarkin Rumawa da ya yi mulki daga 610 zuwa 641. Akwai Kisra na Farisa, da Najjashi na Habasha, da Muƙauƙis na Masar. A littattafan hikima da magani akwai Aflaɗun, da Suƙraɗ, da Jalinus, da Baɗlaimus. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake yadda masu shi suka faɗe shi. Mutanen Hiraƙla wani abu kusa da Herakliyos suke cewa. Larabawa ne suka sassaƙe sunayen suka daidaita su da bakinsu, suka rubuta, muka gada. Ban taɓa jin malamin da ya ji kunyar cewa Aflaɗun ba, kuma bai kamata ya ji ba.

Akwai wata gardama da ta yi zafi tun lokacin da matasa suka fara dawowa daga karatu a Madina da Alƙahira da Khartum. Tsofaffin malamai suna karanta harafin lodi kamar "l", shi ya sa muke da alƙali, da alwala, da larura, da Murtala, da Ramalana, shi ya sa kuma littafin fiƙihun da yara ke farawa da shi ya zama Ahalari. Wanda ya dawo daga waje sai ya ji wannan ya yi murmushi, ya ɗauka jahilci ne. Amma Sibawaihi, uban nahawun Larabci a ƙarni na 8, da ya zo bayanin mafitar wannan harafi, gefen harshe ya ambata tare da turame, wato kusa da inda "l" ke fita. Mutanen Andalus ma haka suka ji shi, domin kalmar da Sifaniyawa suka ara daga alƙali, wadda suke kiran shugaban gari da ita har yau, tana ɗauke da "l" a cikinta. Karatun Alƙur'ani yana da ƙa'idojinsa na tajwidi, masu fannin su ke da magana a nan. Amma idan ana zancen littafi da mai littafi cikin Hausa, Ahalari sunan gida ne mai asali, kuma dattijon da ya faɗe shi bai cancanci a yi masa dariya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne namu sunayen idan suka dawo mana cikin rigar wasu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahin Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, duka da Larabci. Garuruwan da suke magana a kansu kuwa na Hausa ne da Fulatanci, cike da sautukan da haruffan Larabci ba su tanada ba: babu "g", babu "ts", babu "c", babu bambanci tsakanin "o" da "u". Sai Gobir ta fito da angai a farkonta, Katsina ta fito Kashina, Kano ta fito Kanu, Ɗan Fodiyo ya fito Ibn Fudi. Tun kafin su, Ibn Baɗɗuɗa da ya sauka Takadda a 1353 ya ambaci wata ƙasa da ake kai wa tagulla, wadda rubutunta ke ba da Kubar, masana kuma suka ce Gobir ce. Su Bello sun san abin da suke nufi, masu sauraronsu ma sun sani, rubutun tuni ne kawai ga wanda ya riga ya san gari. Yau sai ka ji ɗan Katsina, haifaffen Katsina, yana fassara wa jama'a littafin da Hausa yana cewa "mutanen Kashina", don haka ya gani a rubuce. Idan waƙa ce ta Larabci ake rerawa, a bar suna yadda ma'aunin waƙar ya nema. Da zarar an juyo Hausa kuwa, Gobir ce, Katsina ce, Alƙalawa ce, Tabkin Kwatto ne.

Da Turawa suka zo sai aka ƙara wani zango. A 1908 H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Tarihin Kano da Ingilishi, daga kwafin Larabci. A wurinsa Bagauda ya zama Bagoda, Rumfa ya zama Rimfa, Dala ta zama Dalla, Tsumburbura kuwa ta zama Tchunburburai. Wannan fassara ita ce mafi yawan marubutan Ingilishi suka kwafa, daga nan sunayen suka shiga littattafan makaranta. Ka ba ɗan sakandare Tchunburburai ya karanta, ka ga yadda zai yi fama da abin da kakarsa ke faɗi cikin hira. A nan Zariya aka yi wani aikin da ya kamata a riƙa tunawa da shi. Hukumar Fassara da ta zauna a garin a farkon shekarun 1930, ƙarƙashin Rupert East, ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, inda malamai Hausawa suka juya tsoffin tarihohi daga Larabci zuwa Hausar boko. Da yake masu aikin sun san sunayen da kunnensu, sai sunayen suka dawo gida. Duk mai son karanta tarihin Kano a fili, ko da Ingilishi zai karanta, ya kamata ya ajiye wannan littafi kusa da shi.

Rubutun taswira ma ya yi mana ɓarna mai yawa. Ƙasar Kanta sunanta Kabi, mutanenta Kabawa, amma tun da aka ƙirƙiro jiha a 1991 da rubutun Kebbi, yara da yawa ba su san Kabi ba. Sakkwato ta zama Sokoto, Haɗeja ta zama Hadejia, Ƙaura ta rasa lanƙwasarta. A ƙetaren iyaka Faransawa sun rubuta da nasu tsarin, inda "ou" ke tsaya wa "w" ko "u". Ɗalibin Samaru da ya tashi da Ingilishi sai ya ga Tahoua ya ce "Tahowa", ya ga Tessaoua ya rasa ta inda zai kama, alhali Tawa ce da Tasawa, garuruwan da wataƙila daga can kakansa ya zo cin rani. Madaoua Madawa ce, Dogondoutchi kuwa Dogon Dutsi.

A Sabon Gari matsalar tana da wata fuska. Unguwar ta tashi ne da zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, ta tara mutane daga kowace kusurwa, kuma a cikinta da Samaru akwai majami'u da yawa da ake sujada da Hausa. Ran Lahadi akan ba wani cikin jama'a karatun Littafi Mai Tsarki, ya miƙe gaban kowa. Idan rabonsa ya faɗa kan Zabura, ya ji daɗi. Idan kuwa ya faɗa kan sura ta farko ta Matiyu, ko surori tara na farkon littafin Tarihi na ɗaya, to ya gamu da aiki: Rehobowam, Yekoniya, Sheyaltiyel, Zarubabel, suna bayan suna, babu wurin hutawa. Wanda bai shirya ba sai murya ta yi ƙasa, ya riƙa gudu yana tauna sunayen, jama'a su sunkuyar da kai suna taya shi jin nauyi.

Waɗanda suka fassara littafin sun yi tunanin wannan mai karatu. Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 kafin mishan ta koma Wusasa a 1929, kuma shi ne jigo a fassarar da ta fito cikakkiya a 1932. An sake sabuwar fassara a 1979. Idan ka duba sunayen da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa za ka ga hanya biyu suka biyo. Waɗanda Hausawa suka riga suka sani, ko Larabci ya riga ya sassaƙa, an bar su a haka: Ibrahim, Ishaku, Yakubu, Musa, Dauda, Bitrus, Bulus, Kaisar. Wannan hikima ce, domin Hausa da Larabci duka ba su da "p", kuma Bulus ya fi zama a bakin Bahaushe. Waɗansu kuwa ta Ingilishi suka shigo. Sarkin Farisa da ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanensa Kurush suke kiransa, Yahudawa suka ce Koresh, Girkawa suka ce Kuros, Ingilishi ya mai da shi Sairas, Hausa ta karɓa ta rubuta Sairus. Sarkin da ke cikin littafin Esta, Ahasurus, mafi yawan masana sun ce shi ne wanda ɗaliban tarihi ke gani an rubuta Xerxes, suna ta tunanin yadda za su yi da "x" biyu. Sunansa na Farisanci wani abu ne kusa da Kshayarsha. Nebukadnezzar kuma, wanda ya mulki Babila daga 605 zuwa 562 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne Bukhtanassar na littattafan tafsiri da tarihi, a harshensa kuwa Nabu-kudurri-usur. Malamin zaure da mai karatun majami'a da ɗalibin jami'a suna iya zama a benci ɗaya a tashar Kwangila, kowa ya kira sarki ɗaya da suna daban, ba tare da sun san mutum ɗaya suke nufi ba.

Wannan ya kawo ni ga wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakanin 'yan boko, wato ɗaukar lafazin Ingilishi a matsayin asali. Yaro ya ce Filato, ajin ya fashe da dariya, a gyara masa a ce "Pleto". Filato ɗin nan bai fi "Pleto" nisa da asali ba, domin Bagirke Platon yake cewa, da wasalin "a". Bahaushe ba ya fara kalma da baƙi biyu a jere, sai ya sa wasali tsakaninsu, Balarabe kuma ya sa nasa a gaba ya ce Aflaɗun. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ingilishi ma nasa kukan yake yi, har ya fi kowa nisa, saboda tsakanin wajen 1400 da 1700 wasulansa sun sauya gaba ɗaya, rubutun kuwa ya tsaya inda yake. Shugaban Rumawan da aka kashe a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ake koya wa yara su kira "Siza", shi da mutanensa Kaisar suke cewa. Wato abin da ke bakin malamin zaure da mai karatun majami'a ya fi kusa da Latin a kan abin da ke bakin malamin adabin Ingilishi. Turawa da kansu sun daɗe suna wannan gardama. Tun 1528 Erasmus ya rubuta littafi a kan yadda ya kamata a furta Latin da Girkanci, har yau kuma Bagirken Atina da malamin jami'ar Ingila ba sa karanta tsohon Girkanci iri ɗaya. Na Masar ta dā ya fi haka. Tun da Champollion ya warware rubutunsu a 1822 aka gane ba sa rubuta wasali, sai masana suka yi yarjejeniya a riƙa cusa "e" tsakanin baƙaƙe don a samu abin furtawa. Nefertiti da kowa ke faɗi da gadara, rabinsa yarjejeniya ce.

Marubutan da suka yi aiki a Kamfanin Gaskiya na Tudun Wada, wanda aka kafa a 1945, ba su da wannan jin ƙasƙanci. Sun san littafinsu a fili za a karanta shi, mutum ɗaya mai boko ya karanta, goma su kewaye shi suna saurare, kamar yadda aka riƙa yi wa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Gabas da Yamma ya zuba a Magana Jari Ce, ya raɗa wa mutanen ciki sunayen da kunnen Bahaushe zai riƙe. Ahmadu Ingawa ya ɗauko labarin wani jarumin Rasha ya yi Iliya Ɗan Maiƙarfi, Vladimir ya zama Waldima, birnin Kiev ya zama Kib. Yaran da suka karanta littafin sun tsufa ba su manta Waldima ba. Da an bar sunan da baƙaƙensa biyu a cunkushe, da tun a shafin farko mai karatu ya fara tsallake shi. Talakawa ma haka suka yi da garuruwan da fatauci da jirgin ƙasa suka kai su: Ikko, Badun, Anaca, Fatakwal, Gwanja. Kafin su an yi Santambul da Bagadaza. Tsoffin littattafan Larabci ma sun kawo lafazin Bagadaza mai ƙarewa da zalun, wanda ya yi daidai da namu.

To, me mai karatu zai yi idan an ba shi littafi gobe zai karanta wa jama'a? Ya karanta shi yau, shi kaɗai, da murya, da fensir a hannu. Duk sunan da ya tsaya masa ya ja masa layi, ya duba ko Hausa ta riga ta yi masa suna. Idan ta yi, magana ta ƙare. Idan sunan namu ne da baƙon alƙalami ya karkatar, ya mai da shi gida. Idan na wata al'umma ce da ta shuɗe, ya yanka shi gaɓa-gaɓa, ya rubuta a gefen shafi yadda zai faɗa, ya tsaya a kan lafazi ɗaya daga farkon karatu har ƙarshe, don kada mai sauraro ya zaci mutum biyu ne. Abin da ya gagara ya kai wa wanda ya sani, ya ce, "Baba, yaya kuke faɗin wannan?" ko "Malam, a taimaka mini da wannan." Matambayi ba ya ɓata. Abu ɗaya da nake roƙon kada a yi shi ne tsallakewa, a zo kan jerin sunaye a ce "da wane da wane" a wuce. Wanda ya rubuta jerin nan ya zauna ya rubuta shi ne don kada a manta da mutanen, wani ya kwafa, wani ya sake kwafa, shekara ɗaruruwa. Mai karatu shi ne na ƙarshe a wannan layi, kuma idan ya yi shiru a kan suna, a wurin masu sauraronsa mutumin ya fita daga labari.

Wannan sassauci da na ce a yi wa sunayen dā yana da iyaka. Kurush ba zai zo ya yi ƙara ba. Amma maƙwabcinka a Sabon Gari, Bayarabe ko Ibo ko Bajju ko Tibi, yana nan da ransa, yana jin yadda kake kiransa. A bikin yaye ɗalibai ko rabon kyaututtuka, idan mai sanarwa ya dagula sunan yarinya a gaban iyayenta da suka yi tafiyar kwana don su ji an kira ta, ya rage musu wani abu da ba zai dawo ba. A nan babu maganar hanyar da suna ya biyo, mai shi yana kusa, sai a je a tambaye shi tun kafin taro.

Saura wani aiki da yake kanmu mu Hausawa, kuma lokaci yana ƙure masa. Rubutun boko da muke alfahari da shi ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Baƙo sunan mutum da baƙo mai sauka gida rubutunsu ɗaya, amma na farko gajeren wasali ne a ƙarshensa, na biyu dogo. Haka Azumi da azumi. Mu da muka san kalmomin ba mu damu ba, kunnenmu yana cike giɓin. To sunayen da ba a amfani da su kullum fa? Jerin sarakunan Zazzau na Haɓe, daga Gunguma zuwa Bakwa Turunku zuwa Makau, da sarautu irin su Kuyambana da Fagaci da Salanke da Rubu, da sunayen tsoffin kufai da ƙofofi da duwatsu, duk suna rubuce a littattafai kamar na M. G. Smith da ya fito a 1960 a kan sarautar Zazzau, da takardun da ke ajiye a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. Amma takarda ba ta riƙe inda murya ke hawa da inda take sauka. Wannan yana bakin maroƙa da sanƙirori da makaɗan fada da dattawan Turunku da na gindin Kufena, da kuma mutanen Suleja, zuriyar waɗanda suka bar Zariya tare da Makau, waɗanda suka riƙe tsoffin sarautun. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna karin kalmomin yau da kullum, amma sunayen mutane da wurare ba su ne aikinsa ba.

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Sashen harsuna da sashen tarihi su haɗa hannu, a ba ɗalibai jerin sunayen, kowa ya ɗauki wayarsa ya je ya durƙusa gaban dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, a faɗa mini waɗannan yadda kuka ji su." A naɗi muryar, a rubuta sunan da alamar kari da ta tsawon wasali, a rubuta garin da aka ji shi da shekarar, a ajiye inda mai shirin rediyo da malamin firamare da mai fassara za su iya saurara. Inda dattawa biyu suka saɓa, a ajiye duka biyun, yadda Yaƙutu yake yi idan ya ji sunan gari ta hanya biyu. Daga Samaru zuwa ƙofar fadar Zazzau tafiya ce ta ƙasa da awa guda a mota, Turunku da Suleja kuma duk ana zuwa a yini.